Ruwan da Na Bar wa Yaya

Abu ɗaya na taɓa roƙon Yaya tun da na girma, shi ne ya tsaya mini a bakin titi da jarkar ruwa. Ban ce ya yi gudu ba, ban ce ya taka keke ba. Ya zauna a inuwar mangwaron da ke mararrabar ƙauyenmu, in na zo wucewa ya miƙo mini, in na dawo ya sake miƙo mini. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, kuma shi ke riƙe da gonar gida tun rasuwar Baba. Ni ne auta. Ina da furfura a gemu, ina da ɗan kemis a Funtua, ina da iyalina, amma har yau in na taka ƙauye ni ake cewa in ɗauko tabarma. Ban taɓa damuwa ba, haka na taso na gani.

Hawan jini ne ya sa ni hawa keke. Likita ya ce ko in motsa jiki ko in shirya shan magani har ƙarshen raina, ni kuwa mai sayar da maganin na san abin da yake nufi. Na sayi keken gwanjo mai siririyar taya, na fara zagaye gari bayan asuba. A haka na haɗu da wasu masu keke da ke zuwa daga Zariya da Kaduna, kuma a bakinsu na ji suna shirya wata gasa a yankinmu, wasa uku a jere ba hutu: a yi ninƙaya a dam, a fito a hau keke daga Funtua zuwa Malumfashi a dawo Bakori, a ajiye keken a shigo Funtua da gudu. Na yi dariya na ce wannan ai neman ajali ne. Washegari na je na ba da sunana.

Fiye da shekara na yi ina shiri. Na koyi ninƙaya ta gaske a gaban masunta, suna cikin kwalekwale suna tambayata ko wani abu ne ya faɗa mini a ruwan. Masu zuwa sayen magani suna tambaya ko soja zan shiga da tsufana. Matata ta haƙura da gumi da wankin kaya da mijin da ke gyangyaɗi tun kafin a sauke tuwo. Ban taɓa sa ran zuwa na ɗaya ba, ni ba mahaukaci ba ne, akwai samarin da na haifa a cikin masu gasar. So nake in gama. In shiga ruwa da safe, in shigo Funtua da ƙafata kafin magariba, in san akwai abu ɗaya da na ɗauka don kaina na kai shi ƙarshe. A shekaruna kuma na san jikin ba zai yi ta ba ni irin wannan damar ba.

Masu shirya gasar ba su ɓoye mana komai ba. Sun ce ruwa a Malumfashi da Bakori kawai za su iya ajiyewa, tsakani kowa ya nemi nasa. Sun kuma ce duk wanda aka kira la'asar bai iso Bakori da kekensa ba, ba za a bar shi ya fara gudun ba, don kada duhu ya same shi a hanya. Ni ban ga abin tsoro ba. Ƙauyenmu yana tsakanin garuruwan biyu, kuma ina da wa.

Ana gobe gasa na haɗa ruwan da hannuna, da sukari da ɗan gishiri da lemon tsami, na cika jarka na kai ƙauye. Na zauna na yi wa Yaya bayani dalla-dalla, har na gaya masa abin da rashin ruwa ke yi wa mutum a irin wannan zafin. Ya dafa ƙirji ya ce wannan ai ba wani abu ba ne, in Allah ya kai mu zan same shi a gindin mangwaro.

Ƙarshen bazara ne, lokacin da mutum ke fitowa daga wanka yana gumi. Iska kuma ta tashi tun asuba daga kudu maso yamma, mai ɗumi, ba ta tsayawa. Dam ya ja baya sosai, sai da muka taka taɓo har gwiwa kafin mu sami wurin iyo, sannan iskar ta riƙa watsa mana ruwan a fuska. Duk lokacin da na ɗago in sha iska sai in sha dam. Amma na fito, kuma akwai mutane a bayana. Na hau keke ina jin kaina wani sabon mutum, iska tana tura ni ta baya har Bakori.

Ina wuce Bakori kaɗan na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A Funtua ko ɗigo ba a yi ba, ashe can an kwana ana ruwa. Na duba dama na duba hagu, gonaki cike da mutane, masu sungumi suna sara, masu iri suna bi suna rufewa da dunduniya. Rumfunan bakin hanya duk babu kowa, mai shayi ma ya kife bencinsa ya tafi. Nan na san akwai matsala, domin ni ɗan manomi ne, na san abin da ruwan shuka yake yi wa alkawari a ƙasarmu.

Gindin mangwaro babu kowa. Na rage gudu na leƙa hanyar ƙauye, na ce wa kaina ai na yi sauri ne, Yaya bai zaci zan iso yanzu ba. Har uzuri nake nema masa, ina kan keke maƙogwarona yana bushewa. A Malumfashi ruwan ya kusa ƙarewa, leda biyu aka ba ni, sun yi zafi kamar an sauke su daga wuta. Na kira wayar Yaya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na juya keke.

Iskar da ta yi mini hidima da safe ita ce ta tsaya a gabana. Ina taka feda da duk ƙarfina, keken yana tafiya kamar an ɗaura masa buhun masara. In tirela ta wuce sai ta jefa ni gefen kwalta in dawo da ƙyar. Rana ta take tsaka, kwalta tana huci, hular kwano ta zame mini murhu. Na tsaya a wata rijiya ta bakin hanya na leƙa, ga ruwa can ƙasa yana ƙyalli, babu guga. Daga baya gumin ya ɗauke gaba ɗaya, fatata ta bushe, na fara jin sanyi-sanyi a tsakiyar wannan zafin. Na sha yi wa mutane bayanin wannan alamar a kemis, don haka na san inda na dosa. Abin da ya riƙe ni a kan sirdi shi ne Yaya, na ce duk lalacewa yanzu kam yana nan.

Ba ya nan. Ba shi, ba jarka, ba saƙo.

Gonarmu ba ta da nisa da titi, daga mararrabar ana hango ɗorawar da ke tsakiyarta. Na sauka na tura keken cikin laka, takalmina yana kamawa. Na same su sun yi layi, Yaya a gaba da sungumi, 'yan ƙwadago da matan gida a baya. Rigarsa tana rataye a reshen ɗorawa, na tabbata wayar tana ciki. Da ya gan ni sai ya jingina da sungumin ya washe baki.

"A'a, Malam auta, har an gama?"

Na tambaye shi ina ruwana, muryar ma da ƙyar ta fita. Ya ce ba gaisuwa? Wallahi sai da na gaishe shi. Na rusuna da matsattsen gajeren wando da hular kwano a kai, na tambaye shi aiki, na tambaye shi gajiya, matan suna ɓoye dariya a bakin mayafi. Har yau in na tuna wannan rusunawar sai in ji kaina ya ɗau zafi.

Jarkar tana gindin ɗorawa. Ya ce ya taho da ita gona ne da niyyar in lokaci ya yi ya leƙa titi, sai aiki ya sha kansa. Mutanen suka ji ƙishi suka buɗe, wanda ya fara kurɓa ya tofar ya ce ruwan ya lalace, gishiri-gishiri yake yi. Suka tuntsurar da shi a ƙasa suka ɗebo na rijiya, shi ma sun kusa shanyewa. Na ɗaga jarkar na shanye ɗan abin da ya rage a gindinta, da ƙasa-ƙasa a ciki.

"Yaya, alkawari ka yi mini."

"Cewa na yi in Allah ya kai mu, to ga inda ya kai mu," in ji shi. "Kai kau ka san damshin nan in ya wuce yau shi ke nan. Mi zan ce ma mutanen nan? In bar su da shuka in tafi bakin titi in tsaya ma wasa?"

Ni ban raina shuka ba. Daga gonar nan nake ci, buhun da ke ɗakin ajiyata daga nan ya fito, kuma ban isa in ce ninƙaya a dam ta fi masara ba. Amma mutum nawa ne a gonar nan? Wanne ne ba zai iya aika ba? Ko bai aiki kowa ba, da ya jingine jarkar a gindin mangwaro ya yi tafiyarsa, da na gan ta. Bai auna ya zaɓi gona ba, da haka ne da na fi samun sauƙi. Abin bai ma zo masa a rai ba. A wurinsa auta ne ya fito da wani sabon shirme, in an samu sarari a taya shi, in ba a samu ba babu wanda ya mutu.

Ya aika a ɗebo ruwa daga cikin gari a babur. Na zauna jira, kuma zaman ne ya ƙarasa ni, domin da na yunƙura in tashi sai cinyoyina suka ɗaure, na koma na zube a kan kunyar gona ina cije baki. Yaya ya tsaya a kaina da tausayi na gaske a fuskarsa, ya ce in haƙura in kwanta a inuwa, in na huta ma sai in taya su bin iri. Da ruwan ya iso na sha, na cika gorunana, na ja keken na koma titi.

Na taka. Ban san da wane ƙarfi ba, amma na taka, iskar tana nan yadda na bar ta. Ina hango rufin kwanon Bakori na ji an kira la'asar. Ban tsaya ba, na ce wataƙila su duba furfurata. Matar da ke kula da wurin ajiye kekuna ta tare ni da ladabi, ta ce Alhaji ka yi ƙoƙari, amma ka san ƙa'ida. Ban yi mata musu ba, ita kam ta cika abin da ta faɗa. Ta miƙo mini jakata da takalman gudun a ciki, aka ɗora kekena a bayan mota, ni ma na shiga. Muka bi hanyar Funtua a hankali muna wuce masu gudu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani dattijo da ya girme ni, yana jan ƙafa, kai a sunkuye, ɗansa yana binsa a babur da gorar ruwa. Na juyar da fuskata. An ce ya gama.

Na kai ƙara wurin Inna, ni da gemuna. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce yayana ne, kuma in gode wa Allah da ban faɗi a titi ba. A gidan babu wanda ya ga an yi mini wani abu. Labarin da ya rage shi ne na ranar da auta ya zo gona da wandon 'yan ƙwallo, kuma har yau ana ba da shi a taron suna.

Ruwan saman nan kuwa na yaudara ne. Bayansa sama ta ɗauke, aka shiga fari, tsiron ya fito ya ƙone a tsaye. Da damina ta zauna sosai Yaya ya kira ni a waya, wannan karon wayar tana aiki, ya ce Asabar za a sake shuka, hannu ya yi ƙaranci. Na je. Yana gaba yana sara, ina baya ina jefa iri ina rufewa. Mun kai tsakiyar gona, bai ko waiwayo ba, ya ce wai ni, wasan nan naku na rannan, wa ya ci? Na ce ban sani ba, ni gamawa kawai na je yi, kuma ban gama ba.

"To mi ne ne a ciki?" in ji shi. "Baɗi ka sake. Ni zan tsaya maka da kaina."

Kafin baɗi hanyoyinmu sun ƙara lalacewa da rashin tsaro, mutanen Zariya da Kaduna suka daina zuwa. Aka ce sai abubuwa sun lafa. Shekarar da ta biyo baya gwiwata ta hagu ta fara kumbura, likita ya hana ni gudu. Ba a sake yin gasar ba, kuma ko an sake yanzu, ba da ni ba.