Tsiron dawar Mama

Watana biyu da fara aiki a mashayar wani otal a Dubai aka tara mu da hantsi, wai za a koya mana wuskin da ake kira singil molt. Malamin wani Bature ne mai jan hanci. Ya ce da sha'ir zalla ake yin sa, a gidan dahuwa guda, ya yi shekaru a gangar katako kafin ya ga kwalba. Ni dai gyaɗa kai nake yi, hankalina na kan sabon takalmin da ya matse ni.

Sai ya miƙo faranti cike da sha'ir da aka jiƙa, ya tsira, aka busar, ya ce kowa ya shinshina. Ina kai hanci sai ga ni a tsakar gidanmu. Haka dawar Mama ke ƙamshi idan ta yi tsiro aka baza ta a tabarma. Burkutu take dafawa, da shi ta kai ni har sakandare, inda nake ce wa abokai hatsi take sayarwa.

Baturen ya tambaya me ya sa ake busarwa da zarar tsiro ya leƙo. Na ce in aka bar shi tsiron zai shanye zaƙin, giyar ta fito lami. Ya tafa mini, ya ce a ina na koya?

"A littafi," na ce.

Ga furfura ta fara fito mini, amma hali zanen dutse. A jirgin ƙasa na metro, kan hanyar masaukina a Al Qusais, kunya da kewar Mama suka taru suka kama ni. Shekara huɗu rabona da ganinta. Ina sauka na kira ta.

"Mama, kwana nawa kike barin dawa ta yi tsiro?"

"Kai da ko ƙwarya ba ka yarda ka ɗauka a gaban mutane? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. So nake in sani."



"Uku, in da sanyi huɗu," ta ce. "Gwiwa ta hana ni, bara na rabar da tukwanen. Shekara arba'in ina dafawa, ɗana, sai yau ɗan cikina ya tambaye ni."