Sunan Da Ba A Sa Wa Hannu Ba

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan shafi, ko wata za ta karanta ta tsira daga abin da na jefa kaina a ciki. Lokacin da abin ya faro, ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna haya a ɗaki biyu a Bulabulin. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gari ba. Ni kuma ina haɗa turaren wuta da humra ina kai wa masu biki. Ban yi boko ina yarinya ba, sai bayan haihuwata ta uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ina jin daɗin yadda nake karanta takarda da kaina ba sai na kai wa wani ba. Shekara da shekaru muna tarawa, burinmu ɗaya, mu sami inda ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce wa'adi ya cika.

Sai aka nuna mana wani gida a Gomari, ɗaki uku da darbejiya a tsakar gida. Gidan gado ne, mai shi ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu. Ranar ciniki maigidana yana Legas, ya ce a waya in tafi da yayana mu kammala kawai. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar Bulama, mai unguwa ke nan, maza sun kewaye, ni kaɗai ce mace daga gefe. Da aka miƙo mini takarda na bi ta a hankali da yatsa. Sunayen magada biyar ne, huɗu an sa hannu, har da tsohuwar matar mamacin, wadda aka kai mata gida ta dangwala. Gaban na biyar babu komai. Na ɗago kai, sai babban ɗan ya yi ƙasa da murya ya ce autansu ne, ba ya nan tun shekarun tashin hankali, amma shi ya tsaya masa.

Duk wanda yake garin nan ya san akwai gidajen da mutum ya fita da safe a waɗancan shekaru, har yau ba labarinsa. Ba a tona irin wannan zance, balle a gaban mutane. Na ga fuskar mutumin, na ji kunya ta kama ni, na ce Allah ya bayyana shi, na sa hannu. Na gani da idona, na karanta, amma na yi shiru. Wannan ne kuskurena na farko. Na biyu kuwa, a ranar na gaya wa mai gidan hayarmu cewa ƙarshen wata za mu tashi.

Da muka je ofishin filaye don a juya takardun zuwa sunanmu, ma'aikacin ya nemi takardar rabon gado daga kotu. Babu ita, domin ba a taɓa rabawa ba. Kotu ta ce ba za ta amince da sayar da gidan da akwai haƙƙin wanda ba a san halinsa ba, sai an yi sanarwa, an kawo shaidu, mahaifiyarsa ta zo da bakinta, sannan a yanke hukunci a kansa. Kafin nan kada kowa ya tare. Aka sa rana, aka ɗage saboda shaida bai zo ba. Aka sake sawa, aka ce an yi wa alƙali canjin wurin aiki. Sabon da ya zo ya ce a faro daga farko. Kowane zama ina nan a benci tun safe da takarduna a leda, ita kuwa tsohuwar ba ta taɓa zuwa ba. Magada sun ce ba su da abin mayar mana, kowa ya riga ya shigar da nasa wani wuri.

Wanda ya kama ɗakunanmu na haya wani Inyamuri ne mai shago a kasuwa. Da ya ga halin da nake ciki ya ce Mama ki ƙara wata biyu, shi da iyalinsa za su lallaɓa. Allah ya saka masa. Wata biyun suka wuce kamar kwana biyu. Muka kwashe zuwa ɗaki ɗaya a gidan yayana, 'yan matana biyu na tura su wajen ƙanwar babansu, katifu da kwanuka na jibge a zaure, damina ta bi ta kansu.

Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗauki turare mai kyau na tafi Wulari wajen tsohuwar. Na same ta a kan darduma. Na gaishe ta, na faɗa mata halin 'ya'yana, na roƙe ta ta je kotu sau ɗaya tak. Ta dube ni ta ce, "'Yata, ke ma uwa ce. Ki faɗa mini abin da zan ce wa alƙali. In ce ya mutu? Wa ya nuna mini kabarinsa?" Muka zauna muna hawaye ni da ita, har ta sa aka kawo mini ruwa. Ban sake komawa da wannan roƙo ba.

Damina biyu ke nan yanzu. Wani lokaci nakan hau keke napep in sauka a bakin layin gidan na Gomari, in tsaya daga nesa ina kallon ƙofar da kwaɗo. Ƙaramata takan tambaye ni yaushe yayyenta za su dawo, in ce mata an kusa. Ban tsani kowa ba, domin ba wanda ya ɓoye mini komai.

Abin da na koya shi ne, kunyar da na ji ta minti ɗaya ba ta sauƙaƙa wa tsohuwar nan komai ba, ni kuma ta raba mini 'ya'ya gida biyu. 'Yan'uwana mata da maza, in za ku sayi gidan gado, ku nemi takardar kotu kafin ku miƙa ko sisi, kuma kada ku saki inda kuke zaune sai kun kwana a sabon. In kuka ga suna babu sa hannu a gabansa, ku yi wa mai sunan addu'a, sannan ku ajiye biron.