Sunan 'Yar Fari a Kan Dutsen Girka

Ban taɓa kiran sunan 'yar farina ba, tun daga ranar da aka raɗa mata shi a wani ƙaramin masallaci a unguwar Morrisania da ke Bronx, a birnin New York, har ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk wanda ya tashi a Kano ya san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa idan akwai ido. Haka mahaifiyata ta yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah, kuma ranar rasuwarta ba wanda ya kai shi kuka. Ni ma na ɗauko abina na taho da shi Bronx. Idan ina nemanta sai in ce "ke". Idan da ƙannenta nake magana sai in ce "ina yayarku?" A asibiti kuwa, idan aka tambayi sunan yarinya, sai in miƙa kati in yi kamar Turancin ne ya ƙare mini.

Wata rana na dawo daga aikina na kula da tsofaffi, na tarar lif ɗin beninmu na University Heights ya sake lalacewa. Na hau da ƙafa, na buɗe ƙofa, na tsaya a bakin shiga ina maida numfashi. Sai na jiyo ta ita da autata a kicin. A lokacin ta samu aiki a wani asibiti can Kalifoniya, tana shirin tafiya ƙarshen bazara. Auta tana ce mata Umma fa ba za ta ji daɗi ba. Ita kuwa ta amsa da Turanci, cikin wata murya kwance kamar mai ba da labarin yanayi: "Umma ba za ta ma lura ba. Sunanki take kira tun kafin ta sha shayi. Ni ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗin sunana ba."

Haushi ne ya fara zo mini. Ji mini yarinya! Ni da na goya ta a jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara ina zaryar asibiti saboda asmarta, ni ce ba zan lura ba? Na shiga kicin ɗin na hau buga tukwane har yaran suka watse. Amma da haushin ya sauka, abin da ya rage tsoro ne. Tafiyar ba ta dame ni ba, ai ni ma barin uwata na yi. Abin da ya dame ni shi ne ta tafi da wannan maganar a ranta, ta je can ta yi aure ta haihu tana ganin uwarta ba ta so ta ba. Ta san al'adar sarai, an yi mata bayani tun tana firamare, bayanin ne bai taɓa kai mata zuci ba. Na shiga banɗaki na kulle na gwada faɗin sunan ni kaɗai. Wallahi bakin ya ƙi, sai na ji kamar zan tuɓe mayafi a tsakiyar kasuwa.

Sai ga tafiya ƙasar Girka ta taso, wadda asali ba tawa ba ce. Ita da wata abokiyar aikinta suka shirya hutu kafin ta koma sabon wurin, sai aka soke wa abokiyar hutunta. Auta, wadda ba ta rasa abin ƙullawa, ta ce ai ga Umma nan, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba sai Kano da Makka. Na ce me zan je yi a ƙasar da ban san kowa ba? Babansu ya ce in je mana, ko ya huta da faɗan lif. Auta ta ja ni shagunan Fordham Road ta saya mini kambas fari tas. Na ce mata da girmana zan sa takalmin 'yan ƙwallo a ƙarƙashin zani? Ta ce, "Umma, ba wanda ya san ki a can."

Daga birnin Atina jirgin ruwa ya kai mu wani ɗan tsibiri, gidajensa duk farare da ƙofofi shuɗɗa. Ɗaki ɗaya muka kama ni da ita, abin da rabonmu da yi tun tana jaririya. Tana kula da ni yadda take kula da marasa lafiyarta: Umma kin sha magani, Umma ga ruwa, Umma rana ta yi zafi. Ladabi ba a magana. Sai dai ladabin ne ma yake ci mini rai, don irin wanda ake yi wa uwar wani ne. Ana gobe za mu bar tsibirin ta nuna mini wani farin gini maƙale a jikin dutse, can sama da garin. Ta ce gidan zuhudu ne, wasu mata Kiristoci ne suka bar duniya suke ibada a ciki, kuma ana barin baƙi su shiga da safe. Ta ce ita za ta hau, ni in zauna in huta saboda gwiwata. Na ce wadda take hawa beninmu da buhun shinkafa ba wannan ɗan tudun ne zai ba ta tsoro ba.

Na yi cika bakin ne daga ƙasa. Hanyar matakala ce ta duwatsu, wata doguwa wata gajeriya, tana lanƙwasa tsakanin itatuwan zaitun. Wani ganye da ke fitowa a tsagin dutse yana ƙamshi kamar ɗoɗɗoya. Awaki da ƙararrawa a wuya suna tsaye a inda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta hau, suna kallona. Wata baƙar akuya ta biyo ni tana shinshinar gefen zanina, na ce mata, "Ke, ba ni da komai." 'Yata da ke gaba ta juyo ta ce, "Me kika ce, Umma?" Na ce da akuya nake. Ta yi ɗan murmushi ta ci gaba da tafiya. Ni kuwa sai jikina ya yi sanyi, don na ga kiran da nake yi wa akuya shi nake yi mata.

A tsakiyar hanya gwiwa ta ce ita fa ta gaji. Na zauna a kan wani dutse a inuwar zaitun, ita kuma ta ɗan yi gaba tana ɗaukar hoton teku. A nan zaune na tuna babban yayanmu. Gaskiya ne mahaifiyarmu ba ta kiran sunansa, amma a ɗakin kakarmu ya tashi. Ita take kiransa da suna da kirari, ita take ɓoye masa ƙosai, ita take cewa mijinta ne. Ga gwaggo, ga inna, ga matan gida, kowa yana ja. Uwa ta kau da kai ne don ta san akwai masu yi mata. To, a Bronx wa zai yi mini? Kakar 'yata ta wajen uba tana Kano, sai murya a waya ranar Sallah. Gwaggonni ba su samu biza ba. Na kau da kai yadda aka koya mini, kuma ba wanda ya tsaya a gurbin. Tausayinta ya kama ni sosai, har na yi kamar ina gyara igiyar takalmi don kada ta ga idona.

Da muka isa, ƙofar gidan 'yar ƙarama ce, sai ka sunkuya. A gefenta an rataye wasu dogayen siket da yadudduka da gyaluluwa, saboda ba a shiga da gajeren kaya, mace kuma ba ta shiga da wando. Turawa 'yan yawon buɗe ido suna ta kokawa da su suna dariya. Ni da zanina da mayafina ba wanda ya ce mini uffan, na wuce kamar 'yar gida. Ita ce mai wando. Ta ɗauki wani yadi ta naɗa, ya zame, ta sake naɗawa, ya sake zamewa. Na ce, "Ke, matso nan, kin girma ba ki iya ɗaura zani ba." Na kama na ɗaura mata na soke gefen da kyau. Ta tsaya cak hannuwanta a sama kamar 'yar makaranta. Har na cire kambas ɗina a bakin ƙofa, sai ta ce a nan ba a cirewa, na mayar.

Ciki akwai sanyi da ƙamshin turare da kyandir. Ban shiga ɗakin ibadarsu ba, na tsaya a wani ɗan tsakar gida mai benci. 'Yata ta leƙa ta fito, sannan ta bi wata ƙofa zuwa barandar da ake hango teku. Ina zaune sai ga wata tsohuwar sista, ɗaya daga cikin masu ibadar gidan, cikin baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, ɗauke da faranti, da kofin ruwan sanyi da wata alewa mai laushi da aka barbaɗe da garin sukari. Haka suke yi wa duk wanda ya hawo. Na sha ruwan, na yi hamdala. Ta zauna kusa da ni ta taɓa bakin mayafina ta taɓa nata, ta yi dariya ba haƙora. Ta tambaye ni da guntun Turancinta daga ina. Da na ce New York sai ta dafe ƙirji. Ashe da ƙuruciyarta ta yi ɗinki a wata masana'anta a unguwar Queens ta can kafin ta dawo gida. Ta tambaye ni ko har yanzu jirgin ƙasan nan yana wucewa ta saman kan mutane yana hana su barci. Na ce yana nan, bai tuba ba. Sai na maimaita, don kunnenta ya yi nauyi.

Ta nuna ƙofar baranda ta ce, "'Yarki ce?" Na ce e, ta fari. Ta ce kullum da yamma tana yi wa waɗanda suka hawo a ranar addu'a, kowa da sunansa, don haka in gaya mata sunan yarinyar. Addininta daban nawa daban, amma tsohuwa ta nemi alheri ga 'yarka, ai ba ka ce mata a'a ba. Na duba aljihun jakata, ba kati, fasfo yana masauki. Na duba ƙofar baranda, ba kowa. Sista ta ƙura mini ido tana jira. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan a hankali, can ƙasan maƙoshi. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi.

Tsohuwar nan ta kara tafin hannu a kunne ta ce, "Eh?"

Na ɗan ƙara murya. Ta girgiza kai ta matso. Na sake faɗa, ta maimaita wani abu da ko kusa bai yi kama da shi ba. Nan fa haushina ya motsa. Sunan da na zaɓa da kaina tun tana ciki, shi za a lalata mini a gabana? Na buɗe murya irin wadda nake kiran auta da ita daga kicin, na faɗe shi tiryan-tiryan. Tsakar gidan duk dutse ne, sai ya ɗauki sunan ya buga da bango ya dawo mini da shi.

"Na'am!"

Daga baranda amsar ta fito. Sai ga ta da gudu, zanin da na ɗaura mata yana harɗe mata ƙafa, fuskarta duk a firgice. Ta durƙusa a gabana ta kama wuyan hannuna tana neman bugun jini. "Umma, lafiya? Ƙirjinki ne? Jiri kike ji?" A tunaninta ba abin da zai sa in kira sunanta sai mutuwa.

Hanyar fita a buɗe take. Ina iya cewa tsohuwar nan ce ta tambaya, kurma ce, shi ke nan, mu koma yadda muke. Har maganar ta zo bakina. Na dubi hannunta a kan nawa, sai na haɗiye maganar.

Na ce, "Lafiyata ƙalau. Ni na kira ki. Zo ki sha ruwa, kin tsaya a rana."

Ta saki hannuna a hankali. Ta karɓi kofin da sista ta miƙo mata, amma ba ta sha ba, kallona kawai take yi. Sista kuwa ta samu sunan yanzu, tana ta juya shi a bakinta tana gyaɗa kai, ta tashi ta tafi tarar wasu baƙin. Muka rage mu biyu a kan bencin. Ban iya kallonta ba, sai na hau kakkaɓe garin sukari daga zanina.

Can ta ce, da Hausarta mai ɗan karkata, "Umma, sake faɗa."

Na ce, "Ke, kada ki maida ni rediyo."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta matso ta ɗora kanta a kafaɗata, ga Turawa suna wucewa, ga sista tana dawowa da faranti, ido ko ta ina. Ban ture ta ba. Na gyara mata gyalen da ya zame, na ce idan ta je Kalifoniya ta riƙa ɗaga waya in na kira, don ba na son magana da na'ura. Ta ce to. Sannan na sake faɗin sunan, a hankali wannan karon, don ita kaɗai.