Gwaggo da Maganar Baranda

A danginsu, in ciwo ya kwantar da mutum, kafin a nemi mota Gwaggo ake nema. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta haihu ba, tana zaune a ɗakin baya na gidan ɗan wanta, wani makanike da ta goya tun yana tsumma. Kowa ya ɗauka lokacinta na kowa ne, ita ma ba ta taɓa musawa ba. Ta yi jinyar wanta, ta yi ta matarsa, ta yi ta surukan da ko sunansu ba ta riƙe ba. A babban asibitin garin ta san bencin da ba ya girgiɗi, ta san famfon da ke kawo ruwa in sauran sun ɗauke, ta san nas ɗin da ake roƙo da wadda ake bari ta gama faɗanta tukuna.

Amma babban aikinta a baranda yake. In sakamako ya fito da nauyi, likita yakan leƙo ya ce, "Wane ne babba a cikinku?" Sai a tura Gwaggo. Ta tsaya jikin taga ta ji komai, ta gyara mayafi, ta koma ta ce wa mai ciwon, "Olsa ce, in ji shi. A rage yaji." Haka ta tarar ana yi a gidansu: ba a gaya wa mara lafiya abin da zai karya masa zuciya. Wasu sun tashi ba su sani ba, wasu sun tafi ba su sani ba.

Da nata ya zo, a hankali ya zo. Abinci ya daina zama, riguna suka fara yi mata yawa. Matar makaniken, wadda Gwaggo ke kira Amarya har yau ko da yake 'ya'yanta sun shiga sakandare, ita ta fara magana.

"Gwaggo, wannan ramar fa? Ko wani tsoho ne ya ce siririya yake so?"

"In kin gan shi ki turo shi. Amma ya zo da haƙoransa."

Makaniken ya kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sake yin wani. Ranar sakamako likitan ya dubi kwamfutarsa, ya dube ta, sannan ya ce wa makaniken, "Malam, ko za mu ɗan fita?"

Ta zauna a bakin gadon gwaji tana kallon famfon wankin hannu yana ɗiga. Ta gilashin ƙofa tana hango ƙeyar yaron, ya ɗora hannu a wuya. Da ya dawo ta ce, "Me ya ce, Babana?"

"Olsa ce, Gwaggo. Ya ce a rage yaji."

"To."

"Ya ce da sauƙi ma."

"To, madalla."

Bai ma iya ƙaryar ba. Ya yi saurin magana, kuma takalminsa yake kallo. Abin da ya zo mata a rai ke nan, ba wani abu ba.

A gida sai kirki ya yi yawa. Amarya ta ƙwace mata tsintsiya. 'Yan'uwan da sai a biki ake gani suka riƙa zuwa, su zauna, su yaba kyan jikinta, su tafi. Wata rana ta ji makaniken yana waya a bayan tagarta: "A'a, Baffa ya ce kada a wahalar da ita da asibiti. A bar ta a gida cikin mutane." Baffan nan ƙanenta ne, shi ya rage babba a maza. Ta san wannan hukuncin, ta sha zama a inda ake yanke shi. Ba tsoro ta ji ba. Abu ɗaya take so ta sani: akwai abin yi, ko babu? Ta tambayi Amarya, Amarya ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Wata safiya Gwaggo ta ɗauki katinta ta tafi asibiti ba ta gaya wa kowa ba. Ta san in ta ce ita ce, cewa za a yi ta je ta zo da ɗanta. Tana tsaye a layi ba ta gama shawara ba, wata nas da suka saba ta hango ta.

"Gwaggon kowa! Yau kuma wa aka kawo?"

Ta buɗe baki za ta ce ni ce. Abin da ya fito shi ne, "Ƙanwata."

"Allah sarki. Ke ma kin faɗa, jinyar nan tana cin ki. Kawo katin." Nas ɗin ta karanta sunan ba ta ɗago ba. Duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayar sunan Gwaggo a asibitin.

Wata likita ce daban ranar, matashiya, muryarta a dishe.

"Ke ce mai kula da ita, Mama?"

"Ni ce."

"Ta sani?"

"Ba a gaya mata ba."

"Ciwon daji ne a hanji. Ai an yi wa ɗanta bayani. Me ya hana a dawo da ita?"

"An ce kada a wahalar da ita."

Likitar ta cire tabarau ta murza ido. "Mama, bai kai inda ba a taɓa shi ba tukuna. Akwai aiki, akwai magani bayan aikin. Ban yi miki alkawarin komai ba. Amma in aka ci gaba da zama, nan gaba ba ni da abin da zan faɗa miki."

"Da wuya?"

"Da wuya. Za ta yi amai, za ta rame."

"Ta riga ta rame."

"Tana da ƙarfin hali?"

Gwaggo ta ce, "Ban sani ba. Ba a taɓa gwada ta ba."

"A kawo ta Talata da safe, kada ta ci komai. Kuma a gaya mata, Mama. Jikinta ne."

"Za ta ji."

Ta fito ta zauna a benci tana jiran kuka ko faɗuwar gaba, ko wani abu dai. Babu abin da ya zo. Mai goge ƙasa ta iso da sandarta, Gwaggo ta ɗaga mata ƙafa, ta wuce, ta sauke.

Ta tarar da makaniken ya dawo cin abincin rana, yana tsugune a tsakar gida yana wanke baƙin mai da sabulu.

"Gwaggo, ina kika shiga? An neme ki har maƙwabta!"

"Dubiya na je asibiti."

Hannunsa ya tsaya. "Wa ke kwance?"

"Wata mata. Daji ne a hanjinta. Mutanenta sun ajiye ta a gida, wai kada a wahalar da ita. Likita ta ce akwai abin yi, in an kai ta Talata."

Amarya ta ajiye farantin da ke hannunta a ƙasa a hankali. Kumfa ta riƙa gangarowa daga gwiwar hannun makaniken, bai share ba.

"Ita matar," ya ce, "me ta ce?"

"Ta ce za ta je. Ko da mai kai ta, ko babu."

Ya daɗe yana kallon butar da ke gabansa. "Baffa zai yi faɗa."

"Baffan naka ni na riƙe masa fo lokacin da aka yi masa aiki. Ya zo ya yi mini faɗan."

Ba wanda ya yi dariya. Makaniken ya ɗauraye hannu, ya miƙe, ya ce zai duba tayoyin motar kafin ranar. Gwaggo ta cire takalmi a ƙofar ɗakinta.

"Gwaggo," in ji Amarya, "a zuba miki abinci?"

"Zuba mana. Talata aka hana."