Ramin da Yaya Iro Ya Huda a Jikin Motarsa

Matso kusa, mai karatu, muryata ba ta kaiwa nesa yanzu. Watan nan shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Iro direba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga na karkace ka yi haƙuri. Da na so in bar abin a cikina, sai na duba na ga waɗanda suka san shi duk sun tafi, saura ni, ni ma gwiwa ta ƙi.

Mu uku Innarmu ta haifa a Wurma: Mamman, sai Iro, sai ni. Mamman ɗan fari ne, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take cewa. In ya shigo ta kau da kai, in ya gaishe ta ta amsa wa bango. Haka aka yi mata tarbiyya, ba ƙi ba ne. Da shekarun yaƙi suka zo ya shiga soja, aka yi kudu da shi, wata bakwai ba takarda ba saƙo. Inna ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta, amma ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce ina labarinsa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Lokacin ana wani shiri a rediyo bayan la'asar, ranar Laraba, sojoji na gaida gida da bakinsu. To amma Babanmu malamin allo ne, ya ce akwatin kiɗa ba zai ƙetare zaurensa ba. Ko da ma ya yarda, wa zai ajiye rediyo gaban Inna? Kamar ka ce mata ne, mun gane kina kewar ɗanki. Tashi za ta yi ta bar wurin.

Iro na da wata tsohuwar baƙar mota, tun ta zamanin Turawa, yana jigila da ita tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Ban taɓa ganin mutum na son ƙarfe haka ba. Kullum sai ya wanke ta ya goge da tsohon rawani, in ka jingina da ita ranka ya ɓaci. Da rediyo a cikinta, amma ba eriya, in an kunna sai shuuu kamar ana tankaɗe. An sha ce masa ya sa, ya ce shi ba zai huda lafiyayyen fenti don kiɗa ba.

Ina aure a Dutsin-Ma, cikina ya tsufa, shi zai kai ni gida haihuwa. Ranar da za mu tafi sai ga shi ƙofar gidanmu da wani makanike Bayarabe da ake kira Baba Sande, da doguwar eriya a hannu. Ina leƙe ta zaure. Suka auna saman tayar gaba, wajen direba. Iro ya riƙe abin hudar ya tsaya, ya tsaya.

Baba Sande ya ce, “Direba, kai za ka huda ko in kira wanzami?”

“Mi kake ci na sauri? Ba jikinka ba ne.”

Ya yi bisimilla ya murza. Da ƙarfen ya fasa na ga ya runtse ido. Bai gama jin wannan ba, Baba Sande ya ce sai an kankare fenti ta ciki, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, in ba haka ba aikin banza. Iro ya kankare da kansa. Suka sa roba, suka ɗaure noti, suka ja waya ta ƙarƙashi har bayan rediyon. Yana murɗawa sai ga muryar mutum tangaran, kamar yana zaune a kujerar baya.

Daga nan kowace Laraba, in ya sauke fasinja a Kurfi, sai ya biyo Wurma. Ba ya tsayawa ƙofar zaure. Bayan gida yake zagayawa, daidai katangar madafin Inna, ya buɗe gaban mota kamar ta lalace, ya kashe inji ya ƙure muryar rediyo. Babanmu na ji, bai taɓa cewa komai ba. Mota dai ba cikin gidansa take ba. Inna kuwa aikin da ba ta taɓa yi a gindin katangar nan ba sai ya koma can. Sau da yawa batir ya mutu, sai an taru an tura shi. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai motar Iro ta tsufa, ba ta wuce Wurma sai ta suma.

Na haihu, na yi arba'in, ba Mamman. Sunayen 'ya'yan wasu kawai muke ji. Ana saura kwana kaɗan in koma ɗakina, muna zaune Inna na ɓarar gyaɗa, sai muka ji shi. Ya faɗi sunansa, ya ce yana gaida mahaifansa a Wurma ta ƙasar Kurfi, yana nan lafiya, a yi masa addu'a. Ni na fasa kuka. Inna hannunta ya tsaya cikin ƙwarya, sannan ya ci gaba. Ba ta ɗago ba. Can da Iro zai tafi ta ce mini, “Ki ce ma wannan ya ƙara ɗaure sandar nan tashi, na ga iska na kaɗa ta.”

Wannan ce muryar Mamman ta ƙarshe da muka ji. Bai dawo ba, ba kuma wanda ya zo ya ce ga inda ya kwanta. Iro bai fasa zuwa Laraba ba har aka daina shirin.

Yanzu jikokina kowa da waya a tafin hannu, har fuska ake gani. Nakan ce da Iro na nan, da mi zai ce? Ina jin da farko zai yi murna. Sannan zai ga nawa ɗan fari yana Legas, sai ya yi wata biyu bai kira ba, ni kuma ga wayar a gefen filo, na kasa dannawa. Abin Inna ashe bai bar jinina ba. Yaran kuma in na yi shiru sun ɗauka ba komai. In ba ka faɗa ba yau, ba mai ji maka. Na gaji da fatan wani ya gane.

Motar ta daɗe da tafiya wajen masu sayen tsohon ƙarfe. Iro bai bar gida mai bene ba, bai je Makka ba, hotonsa ɗaya ne, shi ma ya dushe. Abin da ya bari shi ne Inna ta koma ga Allah da kunyarta cikakkiya, kuma ta ji ɗanta. Allah Ya jiƙansu, su ukun.

Kai fa, a gidanku wane ne ke zaune da tambayar da bakinsa ba zai iya furtawa ba, kuma yaushe rabon da ka dube shi da kyau?