Yadda Na Kori Kaina Daga Binciken Hawan Jini

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe wannan. Shekara biyu ke nan da rasuwar mai ɗakina a lokacin. Yara duk suna birni, sai waya ranar Juma'a, ita ma gaisuwa ce a tsaitsaye. In na dawo daga gonar masara, kaji kaɗai nake yi wa magana.

Ina zuwa asibiti a Funtua karɓar maganin hawan jini, sai wata likita, yarinya sa'ar autata, ta ce suna bincike, ko zan shiga. Wai akwai wasu ƙananan abubuwa a cikin jini, ido ba ya ganinsu, kamar 'yan aike ne masu kai saƙo a jiki. Masana a duniya sun dukufa a kansu, ko za su nuna ciwon tun bai kama mutum ba. Ta faɗi sunansu da Turanci. Ni da aka kora daga aji uku saboda satar mangwaron hedimasta, na gyaɗa kai kamar tare muka gano su.

Duk wata sai in hau mashin daga wajen Tsiga in je. A ɗebi jini kaɗan, sannan ta zauna da takarda tana tambaya: me na ci, yaya barci, me ke damuna. Rabon da wani ya tambaye ni me ke damuna har na manta. Tambayar minti goma sai in ja ta kusan awa, har da labarin tsutsar da ta ci mini masara. Tana dariya tana rubutu.

A wata na huɗu ta auna ni ta ce jinin ya sauka sosai. Ita murna, ni gabana ya faɗi. A lissafina na jahili, mai binciken ciwo ba ruwansa da wanda ya warke. Da na koma gida sai na tura maganin ƙarƙashin katifa, na koma wa tsire da gishiri. Kaina ya riƙa sarawa, ina jin daɗi wai dabara ta ci.

Ranar komawa ta auna sau biyu, ta ajiye biro.

"Baba, tsakaninka da Allah, kana shan maganin?"

Na fara kame-kame, daga baya na faɗi gaskiya, har da dalilin. Sannan ta yi mini bayani a hankali: jinin masu shan magani kullum suke nema, don su ga yadda 'yan aiken nan ke canzawa. Nawa ya ɓaci, dole ta cire sunana.

"Da ka gaya mini, Baba. Shanyewar ɓarin jiki fa ka tsallake."

Ta haɗa ni da wani likita, aka mayar da ni kan magani. Kafin girbi binciken ya ƙare, ta koma jami'arsu. Ban sake ganinta ba.

A ranar da aka cire ni na kira babban ɗana, ba Juma'a ba. Ya tambaya ko lafiya, na ce masa lafiya lau, hira kawai nake so. Sai ya ce in bari ya sami wurin zama.

Abin da na koya ke nan da furfurata: in kaɗaici ya dame ka, buɗe baki ka faɗa. Kada ka sa jikinka ya faɗa a madadinka.