Tulun Mama

Cocinmu na Goronyo ba shi da girma. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da iyalansu, kowa da garin da ya fito, kowa kuma na ganin a garinsu aka fi iya waƙa. Abin da ke haɗa bakinmu shi ne tulu. A zumuntar mata, mai buga tulu ita ke jan kowa. In ta yi sauri a yi sauri, in ta ja a ja.

Mai tulunmu wata tsohuwar unguwarzoma ce da ta yi ritaya ta ƙi komawa garinsu. Mama muke ce mata. Yawancin yaran cocin a hannunta suka faɗo, har da nawa. Sai ga shi hannun ya soma rawa. Bugun ya riƙa zuwa a makare, waƙar baiko, wadda muke takawa da rawa in za mu kai sadakar coci, ta koma tafiyar masu ciwon ƙafa. Har maƙwabciyar cocin, wata Hajiya mai sayar da albasa, ta tare ni a hanya.

"Maman yara, mi as sami tulunku? Da kiɗinku nika daka ran Lahadi, yanzu har rana ta take ban ƙare ba!"

Ana haka aka ce matan Wurno da na Rabah za su zo mana taron zumunta. Matan Wurno kuwa, in suka ɗauki waƙa sai ka ce korarsu ake yi. Uwar zumunta ta tara mu a bayan idon Mama, aka yanke a karɓi tulun a ba wata malama mai ƙarfin hannu. Da aka zo kan wadda za ta faɗa mata, kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ni aka tura, wai bakina ya fi laushi.

Na same ta tana goge tulun da tsumma. Ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yata, aiko ki aka yi? Fuskar nan taki tun a ɗakin haihuwa ba ta iya ɓoye komai ba."

Na ce gaisuwa na zo.

"To, gaishe ni."

Na gaishe ta, na sha kunu, na miƙe. Ina bakin ƙofa ta ce a hankali, "Muryata ta tafi tuntuni. In babu wannan, ban san da me zan yabi Ubangiji a cikinku ba."

Na kai wa uwar zumunta maganar yadda take. Ta ce, "To, mu ne za mu koma makaranta."

Muka shiga gwaji, muna koyon jiran Mama. Malamar nan ta ɗauki kacau-kacau ta zauna kusa da ita. Masu gaggawar cikinmu sun sha wuya. Matar fasto takan riga kowa faɗawa baiti, sai ta waske da tari.

Ranar taro aka ɗaga waƙar farko. Matan Wurno suka zabura, suka tsinci kansu can gaba su kaɗai, suka waiwayo. Mama ko kai ba ta ɗaga ba. Dole suka dawo suka bi sahu, na Rabah na dariya a gefen mayafi. A ranar ne na ji kalmomin waƙar da na daɗe ina rerawa ɗaya bayan ɗaya, har idona ya ciko.

Da aka tashi, shugabar matan Wurno ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, wannan salon naku a ina ake koyonsa?"

Mama ta rungume tulunta ta ce, "Ki kai shekaruna, 'yata. Kyauta ake ba da shi."